Wa Zai Duba wa Baba Bayan Gida?

Surukina, mahaifin maigidana, manomi ne a Dudunni. Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa jin an ce ya kwanta ciwo ba, sai a shekarar da idonshi ya koma ruwan ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce. Aka jiƙa mashi saiwoyi, aka hana shi mai da nama, aka yi ta ba shi rake yana sha. Abu bai yi sauƙi ba. Fitsarinshi ya koma kamar shayin da ba madara, ƙaiƙayi ya hana shi sakat har ya riƙa susar baya da totuwa. Ranar da ƙanin maigidana ya ɗauko shi a babur ya kawo mana shi Kankia, na leƙo na ga wani ramammen tsoho a zaure, wallahi sai da na sake dubawa kafin na durƙusa gaisuwa.

Daga asibitin garinmu aka tura mu wani babban asibiti a Kano. Ni na bi su jinya, don matar Baba ta daɗe da rasuwa, 'ya'yanshi mata kuma duk aure ya kai su nesa. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗauki hoton ciki, likita ya zaunar da mu ya ce ƙari ne ya fito kusa da hanta, ya danne hanyar da ruwan madaciya ke bi ya sauka hanji. Ruwan ya rasa mafita, shi ne ya koma cikin jini ya rina mashi ido. Ya ce ƙarin ya wuce a yanka a cire, abin da za su iya shi ne su buɗe hanyar. Aka sa Baba barci, aka zura mashi wata roba ta baki, ta nan aka kai wani ɗan siririn bututu na ƙarfe, saƙaƙƙe kamar raga, aka ajiye shi a wurin da ya toshe. An nuna mana irinshi, tsawonshi bai fi ɗan yatsa ba. Ba yanka, ba ɗinki. Da Baba ya farka ya shafa cikinshi bai ji tabo ba, sai ya ce ai ba su yi komai ba.

Ranar sallama likitan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce, "Ƙarfen nan yana gogar naman da ke kewaye da shi, naman kuma ba mai lafiya ba ne. Wani lokaci yakan ɓalle da jini a can ciki, ko yanzu ko nan gaba. Ba za ku ga jinin a waje ba. Ta hanji zai bi ya fito a bayan gida, baƙi wuluk, mai danƙo kamar kwalta, da wani irin wari daban. In kun ga haka, ko ya yi aman jini, ko jiri ya fara ɗibarshi, kada ku tsaya jiran komai. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na kemis. Kuma a riƙa duba bayan gidanshi kullum. Kullum na ce."

Maigidana likitan yake kallo yana faɗa. Maigidana kuma ƙasa yake kallo.

Maigidana ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunanshi ba, in zai yi maganarshi sai ya ce "wancan na sakatariya", don a sakatariyar ƙaramar hukuma yake aiki. In suna zaune su biyu, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon kudu, hira ba ta wuce ruwan sama da tsadar taki. Ni kuwa suruka ce, tun daga nesa nake cire takalmi, ko ruwa ban taɓa sha a gabanshi ba. To a cikinmu wa zai buɗe baki ya ce, "Baba, yau wace kala ka yi?" Ga shi masai ne a gidanmu, mai zurfi, abin da ya faɗa ya faɗa ke nan. Baba ya ɗauki butarshi ya shiga ya fito, mu duka mu kawar da kai kamar ba mu gani ba.

Na zuba ido kwanaki, na ga ba wanda ya motsa. Rannan na tare maigidana a ɗaki.

"Malam, ka tambayi Baba kuwa?"

"Zan tambaya."

"Yaushe? Jiya ma haka ka ce."

"Ke, abin nan fa da nauyi."

"Da nauyi! Makara ta fi nauyi, kuma kai za ka ɗauka."

Ya ɗaure fuska ya fice. Baƙar magana ce, na sani, amma raina a ɓace yake: mun kai mutum har Kano an sa mashi ƙarfe, mun dawo mun zauna kunya za ta kashe shi. Da yamma ya je ya zauna wurin Baba, ni kuma na laɓe ina saurare. Ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, ya ya cikin?" Baba ya ce, "Alhamdu lillahi." Shi ke nan tambaya ta ƙare, suka koma maganar taki.

A nan ne na tuna da Gwaggon Yashe. Ɗiyar kawun Baba ce, taubashiyarshi, tsohuwa mai sana'ar daddawa, mijinta ya daɗe da rasuwa. A duk dangin nan ita kaɗai na taɓa gani ta fizge hular Baba a taron suna ta ce sai ya fanshe ta, shi kuma yana dariya har da hawaye. Ba abin da ba ta iya faɗa mashi. Na aika aka ɗauko ta. Na zaunar da ita ina gaya mata abin da likita ya ce, ina ta kame-kame, bayan gida kaza, zagayawa kaza. Ta katse ni ta ce, "Kashi dai kike nuhi ko? To ki ce kashi mana! Wannan ne ya gagare ku, gida guda?"

Ta sa aka sayo mata fo a kasuwa, fari, irin na yara amma babba. Ta ɗauka ta nufi ɗakin da muka sauke Baba kusa da zaure, tun daga tsakar gida take kwaɗa sallama.

"Ina bawan nan nawa? An ce an cusa maka ƙarhe, halan yanzu in ka lalace maƙera za a kai ka."

"Wa ya kawo mini mai warin daddawa?" in ji Baba. "Ku hitar da ita, ciwona zai tashi."

"Ba inda za ni. Ga tukunyarka. Daga yau a nan za ka yi, ni in duba."

Baba ya dubi fon, ya dube ta. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ke, ki ji tsoron Allah."

"Shi nike ji. In ka shiga masai, in biyo ka da hitila."

Bai yarda ba ranar. Washegari da ya ɗauki buta, ya tarar da ita zaune a kan turmi a bakin masai tana ɓarar gyaɗa, ta ce wucewa sai dai ta kanta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya koma ɗaki. Ni ina madafa na toshe baki da gyale kada dariya ta fito, amma kuma tausayinshi ya kama ni.

Haka tsari ya zauna. In ya gama sai ya rufe da tsohon faifai, ya turo bakin ƙofa, ya yi tari. Gwaggo ta ɗauka ta kai bayan ɗaki wurin haske, ta tona da kara, ta duba, ta zubar, ta wanke. Sai ta gaya mini, ni kuma in maigidana ya dawo aiki in ce mashi, "Yau lafiya." Ita dai ba ta iya faɗa a hankali ba. Daga bayan ɗakin za ta ɗaga murya, "Na yau ruwan ƙasa ne, bawana ya yi abin kirki!" Har maƙwabta sun san halin da cikin Baba yake ciki. Ranar da ya ci miyar kuka da yawa abin ya yi duhu, ta kira ni in gani da idona. Muka yi ta jujjuyawa, ni da tsohuwa, har muka yarda kore-kore ne ba baƙi ba.

Baba ya samu sauƙi sosai. Ido ya washe, ƙaiƙayi ya tafi, ya koma cin tuwo har yana neman a daɗa mashi. Mutanen Dudunni suka yi ta zuwa dubiya, kowa da tambayarshi. Wani ya ce ƙarfen ba zai yi tsatsa ba? Wani ya ce in ana tsawa a riƙa shigar da shi ɗaki. Wani kuma ya zo da ƙunshin ƙwayoyin ciwon jiki daga kemis, wai na ƙarfin ƙashi, Gwaggo ta karɓa da godiya ta wuce da su masai. Shi Baba tambayarshi ɗaya ce, ya aika wurin liman a ji ko in ya rasu za a iya binne shi da ƙarfen a ciki. Liman ya ce ba laifi, sannan hankalinshi ya kwanta. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, ya soma zancen gona.

Wata safiya ina dama koko sai na ga Gwaggo tsaye a kaina, ba ihu, ba tsokana. Ta ce, "Taso ki gani." Tun kafin na ƙarasa warin ya gaya mini. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, ya manne wa karan. Na ruga ɗakin Baba ko sallama ban tsaya yi ba. Yana zaune a bakin gado ya dafe kai, gumi na keto mashi. Na ce, "Baba, jiri kake ji?" Ya ce tun jiya. Tun jiya! Kuma ya ja bakinshi ya yi shiru.

A asibitin garinmu aka auna aka ce jininshi ya yi ƙasa ƙwarai. Maigidana ya ba da nashi. Ƙaninshi ya ɗan yi jim, wai in aka ɗebi jininshi wa zai yi yankan gero, na harare shi ya miƙa hannu. Aka ƙara wa Baba, sannan aka wuce da shi Kano. Likita ya sake shiga ta baki, ya ce ƙarin ne ya tsiro ta cikin ramukan ragar yana tsiyayar da jini. Ya zura wani ƙarfen a cikin na farko, wannan mai rufi a jiki, ya danne wurin, jini ya tsaya. Ya ce mun yi sa'a an gano da wuri. Amma bai ɓoye mana ba, ya ce ƙarin na nan yana girma, abin zai iya dawowa, in ya dawo a sake kawo shi ba tare da jinkiri ba. Ya ba da ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce su ma suna sa bayan gida ya yi duhu, amma ba danƙo, ba wannan warin. Gwaggo ta ce ai wanda ya shaƙi na rannan ba zai ɓata ba.

Wannan kwanciya ta biyu ita ta karya Baba, kuma zaman ne ya karya shi fiye da ciwon. Ɗaki ne na mutane da yawa, labule bai rufe ko'ina ba. Aka sa mashi robar fitsari. Ma'aikata 'yan mata, sa'o'in jikokinshi, su ke ɗaga mashi riga su juya shi. Ba shi da ƙarfin tashi, a kwance yake komai. Akwai ranar da na fita sayen magani, Gwaggo ta tafi salla, ba kowa kusa sai maigidana, shi ya tara mashi ya goge shi. Daga ranar Baba ya juya fuska bango, ko sannu aka yi mashi da hannu yake amsawa. Gwaggo ta yi tsokanar duniya bai tanka ba.

Da muka dawo Kankia bai daɗe ba ya ce gida za shi. An fara yankan gero, ya ce ba zai zauna a gari ana kawo mashi labarin gonarshi ba. Maigidana ya yi ta lallashi ta bakin ƙaninshi, Baba ya ce ko a kai shi ko ya tafi da ƙafa. Ni abin da ya dame ni ɗaya ne, wa zai duba a can? Ƙanin maigidana da matarshi kunyarsu ta fi tamu. Gwaggo ta ce ita za ta bi shi, sai dattawan Dudunni suka ce a'a. A Kankia a ɗakina take kwana, gidan ɗa ne, ba mai magana. A can kuwa Baba shi kaɗai ne a sashenshi, ita kuma ba muharramarshi ba ce, ba zai yiwu tana shiga tana fita ɗakin namiji da sassafe ba, ko da sun tsufa.

Aka kawo mata saƙon tana tsakar gidana tana tsinkar zogale. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "To a ɗaura mana aure mana. Dama tun muna yara aka so a ba shi ni, na ce ba ni auren mai kunnen zomo." Muka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. Aka je aka gaya wa Baba. Ya ce, "In ta yarda da ragowar mutum, to."

Aka ɗaura a ƙofar gidan liman, aka raba goro da dabino. Dangi suka yi ta shaƙiyanci, wai ba a taɓa amaryar da kayan ɗakinta fo ne ba. Ni na fi kowa murna. Na yi mata lalle da hannuna, na ɗinka mata atamfa, na raka ta har Dudunni ina guɗa. A raina na ce an gama, yanzu mai dubawa tana ɗaki ɗaya da shi.

Kullum da hantsi nakan kira wayar ƙanin maigidana a kai mata. Da farko kamar da ne: "Na yau ruwan ƙasa, ango ya ci wake ya ishe ni." Ana nan sai na lura bakinta ya sauya. Ta daina cewa bawana, ta koma cewa Malam. Da muka je gaishe su na ga ta durƙusa ta ajiye mashi ruwa, ta jira sai da ya sha sannan ta tashi. Na ja ta gefe na ce, "Gwaggo, ke ce kuwa?" Ta ce, "Aure ne, 'yar nan, ba wasa ba." Shi kuma ya yi fes da shi, yana zaune a gindin rumbu ana kawo dammunan gero yana nuna inda za a jera. Rabona da in ga dariyarshi haka tun kafin ciwo.

Bayan an shigar da dawa rumbu, amsarta a waya ta gajarce. "Lahiya lau." In na ce wace kala, sai ta ce, "Na ce maki lahiya lau," ta miƙa wa mai waya abinshi. Hankalina bai kwanta ba, na gaya wa maigidana ƙarshen mako zan je in gani da idona. Kafin ranar ta zo aka kira mu da safe, aka ce Baba ya fito zai yi alwala jiri ya kwashe shi, kafin a samo mota ya cika. Ƙanin maigidana yana wurin wanka, ya ce tafin hannun Baba fari fat, kamar ba a taɓa zuba jini a jikin ba.

Ban yi mata maganar a zaman makoki ba, mutane sun yi yawa. Sai da aka yi sadakar arba'in aka watse, na same ta a ɗakin ita kaɗai, tana takaba, kai ba kitso, duk ta zube. Na zauna na gaishe ta, na yi mata ya haƙuri. Sannan na ce, "Gwaggo, don Allah ki gaya mini gaskiya. Kin gani?"

"Na gani."

"Ranar da ya rasu?"

"Kahin nan. Da kwanaki."

Na manta da takabarta, na manta da girmanta. Na ce, "Haba Gwaggo! Haba! Don mi muka ɗauko ki daga Yashe? Don mi aka ɗaura auren? Kullum ina kiran ki kina ce mini lafiya lau! Da kin faɗa da an kai shi Kano, da yanzu yana nan zaune!" Kuka ya ci ƙarfina.

Ta bari na yi mai isata. Sannan ta ce a hankali, "Ranar da na gani na ɗauki gyale zan tahi wurin mai waya. Ya riƙe mini hannu. Ya ce shi ma ya gani, ya san ko mi ne ne. Ya ce in an kai shi, ɗanshi zai sake ganin tsiraicinshi, a tare jinin, ya sake dawowa, a sake kai shi, har ranar da zai mutu can a gaban yara. Ya ce bai taɓa roƙona komi ba, in bar shi a ɗakinshi."

Na ce, "Sai kika biye mashi. Ke da ba ki taɓa jin maganarshi ba."

"Lokacin taubashina ne," in ji ta. "Da a lokacin ya roƙe ni, da na yi mashi dariya na kwarmata har garin Kusada ya ji. Amma mijina ne ya riƙe mini hannu, 'yar nan. Kullum ni ke ɗauka, ni ke gani, in wanke, in dawo in dama mashi kunu in zauna kusa da shi. Kina tsammanin da sauƙi?"

Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, kuma har yau ban san abin da zan yi ba in nawa mijin ne ya riƙe mini hannu.

Da na fito maigidana na jirana a mota. Ya ga idona ya ce, "Mi ta ce?" Na gaya mashi duka, ban rage komai ba, har da dalilin da Baba ya bayar. Ya riƙe sitiyari bai tayar da motar ba. Can ya ce, "Rannan a asibiti, da nake goge shi, na ji yana kuka. Na yi kamar ban ji ba."

Ya buɗe ƙofa ya fita ya koma cikin gidan. Na bi bayanshi da gudu, don na ɗauka faɗa zai yi mata. Na tarar da shi durƙushe a bakin ƙofar ɗakinta, kanshi a ƙasa, yana cewa, "Inna, sannu da jinya. Allah ya saka maki."